Ranar da Aka Rufa Gidan

Tun daga cikin mota Auta ta hango shi. Kwano ne shuɗi, sabo fil, yana sheƙi a ƙarshen layin nan da ba a san shi da komai ba sai kangaye da ciyawa. Da farko ta ɗauka idonta ne yake mata gizo. Ta nemi bishiyar da ke bakin filin, ta gan ta. Ta nemi turken wutar nan da ya karkace, shi ma ta gan shi. Sai ta dafe ƙirji.

Gininsu ne. An rufa shi.

"Direba, tsaya! Don girman Allah tsaya, a nan zan sauka!"

"Haba Hajiya, ba tasha kika ce ba?"

"Na fasa. Ka sauke ni kawai."

Ta sauko da jakarta tana dariya ita kaɗai, matan cikin motar suna bin ta da kallo. Su yi ta kallo mana. Da sun san abin da kwanon nan yake nufi, da sun sauko sun taya ta murna.

Maganar ba ta da tsawo. Ranar da saurayinta Injiniya ya fara zuwa gaishe da Baba, tsohon ya saurare shi har ya gama, sannan ya tambaye shi inda zai ajiye matarsa. Injiniya ya ce akwai ɗaki a gidan hayar da yake zaune da mahaifiyarsa da ƙannensa. Baba ya girgiza kai. Shi mutum ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana jigilar katifa daga wannan gidan haya zuwa wancan. Sai da furfura ta fito masa sannan ya mallaki ɗan tsohon gidan da suke ciki, mai kwanon da ke yoyo ta ko'ina. Duk ruwan farko na shekara, Auta da Mama ne ke tseren jera robobi da tukwane, har murfin kula ba ya tsira. Baba kuwa ko a jikinsa, tunda dai ba wanda zai buga masa ƙofa ya ce ya tashi.

"Ba na ƙin ka, yaro," in ji Baba a ranar. "Amma 'yata ba za ta zauna inda wani zai ba ta wa'adi ba. Ka yi naka, ko ɗaki biyu ne. Ranar da ka ɗora masa rufi ka turo manyanka, ni kuma na ba ka."

Injiniya ba injiniya ba ne, sunan ne kawai ya bi shi. Fanka yake gyarawa da dutsen guga, in an samu sabon gida ya ja masa wayar wuta. Auta kuwa tela ce, da kekenta ɗaya a wani ɗan shago da ba ya ɗaukar mutum uku a tsaye. Da wannan ƙarfin suka tunkari gini, kuma ginin bai raga musu ba ko kaɗan.

Magininsu na farko ya buga musu bulon da yashi ya rinjayi siminti, in ka ɗaga shi da ƙarfi sai ya marmashe a hannunka. Maƙwabci ya wayi gari ya ce harsashinsu ya ci masa fili, aka yi ta zaman sulhu kafin a matsar da igiya. Ɓarayi suka kwashe rodi. Simintin da suka ɓoye ya sha danshi ya zama dutse, Injiniya ya zauna a kansa ya haɗa kai da gwiwa, ita kuwa ta ce masa ya kwantar da hankalinsa, ai sun samu kujerar falo. Da jan ciki gini ya kai linta, wato saman ƙofa da taga, a nan kuma ya tsaya cak, domin katako da kwano ba abin da ake tarawa kaɗan-kaɗan ba ne. Damina ta zo ta same shi a buɗe, ta wuce, wata ta zo. Ciyawa ta fito a falo. Akuyar maƙwabta ta haihu a ɗakin da suka ce shi ne na kwana, Injiniya ya ce ko ba komai gidan ya fara da albarka.

Aikin Auta a ginin shi ne ban ruwa. Sabon gini in bai sha ruwa ba, rana ce za ta tsotse shi ya tsattsage. Injiniya yana sammakon fita aiki, saboda haka ita ce take biyowa kafin ta buɗe shago, ta ja ruwa a rijiyar maƙwabta, ta bi layi-layi tana yayyafawa. Babu bulo ɗaya a gidan nan da bai sha daga hannunta ba. Tafinta ya yi kanta har masu kawo ɗinki suna tambaya ko noma ta koma.

A duk tsawon lokacin nan kuma Mai Kwano bai fasa zuwa gidansu ba. Shi ne mai babban shagon kayan gini na bakin titi, bai taɓa aure ba, ba ya ɗaga murya, ba ya zuwa hannu rabbana. Mama tana sonsa kamar ita ta haife shi.

"Ke Auta, sa'o'inki suna raka yara makaranta, ke kina shayar da bulo," haka take cewa kullum. "Bulon ne zai kira ki Mama?"

Auta ta sha faɗa wa Mai Kwano gaskiya, cewa ta yi nisa da wani. Sai ya yi ɗan murmushinsa ya ce, "Ba komai. Ni kayan da nake sayarwa ba sa ruɓewa, na saba da jira."

Kwanakin baya ne Baba ya ce ta shirya ta je jinyar Gwaggo a wani gari, wai jiki ya yi tsanani. Ta je ta tarar da Gwaggo tana cin abinci fiye da mai jinyar. Amma duk ranar da Auta ta ce za ta koma, sai Gwaggo ta kwanta ta fara nishi. Wayar Injiniya kuma ta koma sai a hankali, in ya ɗauka ya ce aiki ya sha masa kai. Yau dai ta gaji, ta sulale ta hau mota ba ta gaya wa kowa ba.

Ashe aikin ke nan da ya sha masa kai! Ɗan banza, so yake ya ba ta mamaki. Ta rantse a ranta sai ta yi masa fushin ƙarya kafin ta yi dariya.

Ba a sa ƙofa ba tukuna, ta tsallaka tarin guntayen katako ta shiga. Inuwa ta rufe ta. Tun da aka haƙa harsashin gidan nan ba ta taɓa tsayawa a cikinsa ba tare da rana tana dukan kanta ba. Ta ajiye jaka, ta ɗaga kai tana kallon katakon da aka jera reras, hawaye suka cika mata ido.

Sai ta lura da bakin katakon. Kowanne an shafa masa jan fenti a ƙarshe.

Duk wanda ya taɓa wucewa ta gaban shagon Mai Kwano ya san wannan alamar, da ita yake gane kayansa. Wani tunani ya ɗarsu a ran Auta, amma ta kawar da shi. Shi ne mai babban shago, wa ya hana a saya a wurinsa? Ciniki daban, neman aure daban.

Ta wuce kai tsaye zuwa ɗakinta na ɗinki. Ƙaramin ɗaki ne a gefen titi, amma ta fi ji da shi a kan duk gidan saboda tagarsa. Ita ta auna ta da tef ɗin awon kaya. Ta ce a yi ta da faɗi, a sauke ta ƙasa, yadda in ta zauna a kan keke hasken safe zai faɗo daidai kan allura, kuma ta riƙa hango Injiniya tun daga kan kwana in ya dawo.

Ɗakin duhu ne.

Ta tsaya a bakin ƙofa sai da idonta ya saba. Inda tagar take, bulo ne a jere har sama. Ya fi sauran bangon duhu, ana ganin shatinsa sarai, ƙanshin ɗanyen siminti ya cika ɗakin.

"A'a, matar gida! Saukar yaushe?"

Magini ne, tsohon da ya karɓi aikin bayan sun kori na farko. Ya leƙo daga tsakar gida, cokalin gininsa a hannu yana ɗigar da ruwa.

"Kawu, ina tagata?"

"Ko gaisuwa babu? To, ai ni ma tambayar da na yi ke nan. Na ce wa Injiniya, tagar nan fa mai ita ta tsaya a kaina sai da na sauke bulon da na riga na ɗora. Ya ce in toshe. Na ce ko dai a rage mata faɗi? Ya ce in toshe duka, ɗakin na tsohuwarsa ne yanzu, ba ta son iska. Ni na zaci da saninki."

"Yaushe aka toshe?"

"Jiya da yamma. Yau ne ma bulon yake son ruwa. Ta waje dai hadarin can zai wadatar da shi, amma ta ciki yanzu an rufa, ruwan sama ba zai kai ba." Ya turo mata bokiti da ƙafa. "Tunda Allah ya kawo ki, ɗan yayyafa masa. Ni bayana ya riƙe, kuma bulon gidan nan hannunki ya sani."

Abin haushi, sai ta ɗauka. Hannunta ya riga zuciyarta, saboda sabo. Ta tsoma gwangwani ta watsa a layin sama, ruwan ya gangaro, bulon ya tsotse shi nan take yana neman ƙari. Ta sake watsawa. Sai a layi na ƙasa, daidai inda ta ce kan kekenta zai tsaya, ta gane abin da take yi.

"Kawu, wa ya kawo kwanon?" ta tambaya ba ta juyo ba.

"Mai Kwano da kansa ya rako motar. Kai, mutumin kirki! Har da kafintocinsa ya zo, suka yi aikin kamar ana korarsu, wai akwai wani gidan da ke jiransu. Na ga sun keɓe da Injiniya a bayan gini, sun daɗe suna magana, suka yi musabaha. Shi Injiniya ya dawo idonsa jawur. Na ce masa yi kukanka, ɗana, ba kullum mutum yake rufa gida ba."

Ƙarar babur ta katse shi. Auta ta san ƙarar nan ko a cikin barci.

Injiniya ya shigo da naɗin wayar wuta a kafaɗa. Ya rame, gemunsa ya yi buzu-buzu. Da ya gan ta a bakin ɗakin da bokiti a hannu, sai ya tsaya kamar an dasa shi. Magini ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya ce bari ya je ya rufe sauran siminti kafin ruwa ya sauko. Bai dawo ba.

"Ba yau aka ce za ki dawo ba," in ji Injiniya.

"Wa ya ce? Ni ban gaya wa kowa ranar dawowata ba."

Ya kawar da kai.

"Ka rufa gida, Injiniya. Barka. Yaushe manyanka za su je wurin Baba?"

"Auta, zauna mu yi magana."

"A ina? Ba mu da kujera, sai simintin nan da ya daskare. Tambayarka na yi, yaushe za su je?"

Ya sauke wayar a ƙasa a hankali, ya jingina da bango. Sannan ya fara magana.

"An sayar da gidan da muke haya. Wanda ya saya rushewa zai yi. Ya ce kafin ruwa ya zauna mu kwashe kayanmu. Kin san tarin Inna, kin san yadda sanyi yake kayar da ita. Na yi yawo, Auta, wallahi na yi yawo. Babu ƙofar da ban buga ba. Wanda zai ba ni ɗaki ba zai ɗauke ni da tsohuwa da yara ba. Ga gidana a tsaye, ba abin da ya rage masa sai rufi."

"Sai ka je wurin Mai Kwano."

"Na je in roƙe shi ya ba ni kaya in riƙa biya a hankali. Ya ba ni kujera, ya sa aka kawo min ruwa. Ya ce shi ba ya ba da bashi, amma yana ba da kyauta."

"Kyauta."

"Bai ce in rabu da ke ba. Wallahi bai faɗi haka ba. Cewa ya yi kawai, in an rufa, kada in tura kowa gidanku."

Auta ta yi wata dariya wadda ita kanta ba ta san tana da irinta ba.

"Ka ji mutum mai ladabi! Bai ce ka rabu da ni ba. Kai ma da ladabinka ka miƙa masa hannu."

"Uwata ce, Auta! Me kike so in yi? In shimfiɗa mata tabarma a titi?"

"Da ka gaya min. Da na sayar da kekena."

"Kekenki ko katakon falo ba zai saya ba, ke ma kin sani."

"Shi ya sa ka sayar da mai keken."

Ya runtse ido kamar ta watsa masa ruwan bokitin. Hawaye suka zubo masa, bai share ba. Ita ma nata sun ɓalle, tana magana suna shiga bakinta.

"Kana ganin ban san darajar Inna ba? Ni nake ɗinka mata kayan sanyi. Ni nake kai ta asibiti in kana wurin aiki. Da ka zo ka zaunar da ni ka ce, Auta, ga halin da nake ciki, ga abin da mutumin nan ya nema, wataƙila da bakina zan ce ka karɓa. Da na yi kuka na gode Allah, na san ni na ba da kaina. Amma ka kai shi bayan ginin da na shayar, kuka yi cinikina kuka gama, ni ina can ina yi wa Gwaggo fifita!"

"Na kasa ne. Kullum in na ɗauki waya sai in kasa."

"Ka kasa faɗa, amma ba ka kasa yi ba."

"Ki yafe min."

"Tsaya tukuna, ban gama ba. Tagar fa? Shi ya ce ka toshe?"

"A'a."

"Inna ce ta ce?"

"Inna ba ta san komai ba. Ita murna take yi, tana cewa amarya ta kusa." Muryarsa ta karye. "Ni ne. Duk lokacin da na shigo sai in gan ki zaune a wurin, kina leƙena. Ba zan iya zama a gidan nan tagar tana kallona ba."

"Wato don kada ka ji ciwo."

Ya juya wa ɗakin baya.

Wannan ya fi komai ƙona mata rai. Kwanon za ta iya cewa dole ce ta sa shi, amma tagar ba wanda ya sa shi. Tun ba ta dawo ba, tun ba ta ji ba, ya riga ya fara share wurin zamanta don ya samu barci mai daɗi. Mutumin da ta tsaya wa a gaban Mama da dangi kaf, wanda saboda shi ta zama abin nuni a unguwa, shi ne ya kira magini ya toshe ta da bulo.

Iska ta taso ta kwaso yashi ta watso cikin gidan. Sai ɗigo ɗaya ya faɗo a kan kwanon, tas. Wani ya biyo, wani ya biyo, kafin ka ce me sama ta ɓalle.

Su biyun suka ɗaga kai tare. Sun sha zama a kan bulo suna hirar wannan ranar. Ya ce ruwan farko da zai daki rufinsu, ko yana ƙarshen gari zai bar aiki ya zo su saurara tare. Ita kuma ta ce ranar ba za ta taɓa roba ba, za ta miƙe ƙafa ne kawai ta ji yadda masu gida suke ji. Ga ƙarar nan ta cika ko'ina, ko ɗigo bai shigo ba. Aikin ya yi kyau, wannan kam ba a cuce shi ba.

Ta ajiye bokitin, ta ɗauki jakarta.

"Ina za ki a ruwan nan? Ki bari ya ɗauke."

"In fake a ina?"

"A nan mana."

"A ƙarƙashin abin da aka saye ni da shi?"

Ya sha gabanta, ya miƙa hannu, ya kasa taɓa ta. "To bari in kai ki a babur. Auta, don Allah."

"Matsa min." Ta kai bakin ƙofa, sai ta juyo ta nuna masa ɗakin da haɓa. "Ka riƙa ba shi ruwa safe da yamma har ya kama. In ka yi sakaci zai tsage, iska ta shigar wa Inna."

Ta fita.

Ruwan ya jiƙe ta sharkaf tun ba ta kai bakin bishiyar ba. Ta ji yana kiran sunanta, ba ta waiwaya ba. Takalminta ya maƙale a taɓo, ta cire ta riƙe a hannu. Tafiya take tana kuka da ƙarfi, tunda ba mai ji.

Abu ɗaya ne ya riƙe mata ƙafa ba ta zube a hanya ba, shi ne Baba. Baba mutum ne mai magana ɗaya. Shi da masu gidan haya suka wulaƙanta, ya san zafin a yi maka ciniki a kan kai. In ya ji abin da Mai Kwano ya yi, ko ƙofar gidan ba zai sake barinsa ya taka ba. Za ta durƙusa a gabansa ta faɗa masa komai, ya ce ta share hawayenta, ba ta rasa gida ba.

Sai kuma ta tuna Mama. Ruwan farko ne, kuma ita kaɗai ce a gida da ciwon gwiwarta. Yanzu haka katifa ta jiƙe, tana can tana jan babbar robar wanki tana kiran sunan Auta. Ta ƙara sauri, har da ɗan gudu.

Ta karya kwanar layinsu, ta tsaya.

Kwano ne shuɗi. Sabo fil, ruwa yana gangarowa daga kansa yana zuba a ƙasa a jere.

Ta share ruwan idonta ta sake dubawa. Ƙofarsu ce, mai fentin da ya koɗe. A gefenta ga guntayen katako an tara, kowanne da jan fenti a baki. Tsohon kwanonsu mai tsatsa an sauke shi, an jingina a jikin katanga ta waje. Gaba kaɗan kuma ga farar motar Mai Kwano da duk layin suka sani, an ajiye ta daidai inda ta saba tsayawa.

Wani gidan da ke jiran kafintoci. Ciwon Gwaggo. Sai yanzu Auta ta gane.

Mama ce ta fara hango ta. Ta fito bakin ƙofa, zaninta a bushe, hannunta a bushe. A bayanta ana hango robobin nan a kife a kan juna, ba wanda ya taɓa su.

"Innalillahi! Auta? Ke da wa kika zo? Shigo mana, kin tsaya kamar wata baƙuwa!"

Ba ta motsa ba. Baba ya fito ya tsaya a bayan Mama, da carbi a hannu. Tun da take, ba ta taɓa ganin Baba ya kalli ƙasa yana mata magana ba sai yau.

"Shigo ciki, Auta. Magana ba ta yiwuwa a ruwa."

"Baba, an rufa gidan Injiniya."

"Na sani."

"Ka ce ranar da ya rufa ka ba shi."

"Na ce ya turo manyansa. Bai turo ba. Yaron nan da ƙafarsa ya zo nan ya ce ya janye. Ni ban kore shi ba, ban kuma yi miki dole ba. Ba zan taɓa yi miki dole ba."

"Kafin a sauke kwanon nan ya zo, Baba, ko bayan an ɗora?"

Carbin ya tsaya a hannun Baba.

"Ke, wace irin magana ce wannan?" in ji Mama. "Mahaifinki kike tuhuma? Shekara nawa muna kwana a zaune in an yi ruwa? Bawan Allah ya ga halin da muke ciki ya taimaka, laifi ne? Ga shi can a falo tun ɗazu, gaisuwa kawai ya zo. Ki shigo ki sauya kaya, kada zazzaɓi ya kama ki."

Labulen falo ya motsa. Auta ta ga hannu mai agogo ya ɗaga shi kaɗan, ya tsaya yana jira. Ai ya faɗa mata, ya saba da jira.

Ta dubi rufin gidan ubanta. Ta juya ta dubi hanyar da ta biyo, inda ɗayan yake. Duk faɗin garin nan gida biyu take da su, kuma yau duka biyun ba sa yoyo.

Ta taka a hankali zuwa jikin katanga, inda aka jingina tsohon kwanon. Tsakaninsa da bango akwai ɗan wuri, daidai zaman mutum ɗaya. Ta sunkuya ta shiga, ta zauna a kan jakarta, ta rungume gwiwoyinta. Ruwa yana dukan tsatsar a saman kanta da tsohuwar ƙarar da ta sani tun tana yarinya. Ta hujin ƙusa ɗigo ya fara sauka a kafaɗarta.

"Auta!" Mama ta fito cikin ruwan, ta durƙusa a bakin wurin tana kuka. "Mutane suna kallo! Me kike so ki mayar da mu? Faɗi abin da kike so, don Allah, faɗi!"

Auta ta ɗago jajayen idanunta ta dube ta.

"Miƙo min roba, Mama. Nan yana yoyo."